GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA: Magana A Kan Jakar Matafiyi

Ga shi damina ta ja baya, amfanin gona ya fara shiga rumbu, kowa kuma ya san abin da ke biye, wato lokacin tafiye-tafiye. Taron Zumuntar Mata, taron mawaƙa, taron matasa, bukukuwan aure, zuwa gida Kirsimeti, ga kuma 'yan kaɗan da Allah ya buɗe wa hanyar ziyarar Ƙasa Mai Tsarki. Kafin a fara ɗaure kaya, ina so in taɓo wata magana da ba mu saba jin ta a wa'azi ba: abin da muke zubawa cikin jaka in za mu yi tafiya.

Na san wani dattijo zai ce, "Haba Fasto, ga rashin tsaro, ga tsadar abinci, ga takardar filin majami'a da har yanzu ba ta fito ba, sai maganar jaka?" Ku yi mini haƙuri in ba ku labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekaru kaɗan da suka wuce mun yi taron kwana 4 a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Masu bi a wurin ba su kai gida 20 ba, majami'arsu kuma ba za ta ɗauke mu ba. Sai wani dattijo Musulmi, maƙwabcinsu, ya ba mu aron gonarsa da ya riga ya girbe, bai karɓi ko sisi ba. Taro ya yi albarka, aka yi waƙa, aka yi addu'a, ranar Lahadi da yamma motoci suka kwashe mu. Bayan kamar wata 2 mai bisharar wurin ya zo ya same ni fuskarsa ba walwala. Saniyar dattijon nan ta rame, ta daina kiwo, cikinta ya kumbura, har aka yanka ta kafin ta mutu. Da mahauci ya farke tumbi, sai ga dunƙulen leda ya kusa cika daro. Ba wanda zai rantse cewa ledarmu ce kaɗai ta ci. Amma mai bishara ya ce bayan tafiyarmu, shi da matarsa da 'ya'yansa sun kwana 3 suna tsintar ledar ruwa da robobin abinci, iska kuma ta riga ta kai sauran cikin kara da ƙaya. Dattijon bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin mai gari ba. Abin da ya ce wa mai bishara kawai shi ne, "Mutanenku sun iya waƙa." Daga nan ya yi shiru.

Mu mun tafi, su ne suka zauna da kunyar. Inda muke tsiraru, maƙwabta ba wa'azinmu suke fara saurara ba, sawunmu suke dubawa. Tun daga ranar nan, duk abin da zan saka a jaka sai na yi masa tambaya biyu: hannun wa ya yi ka, an kuwa biya shi haƙƙinsa? In na gama da kai, ina za ka ƙare?

Iyayenmu ba su san waɗannan tambayoyi da suna ba, amma jakarsu ta amsa su. Matafiyi a da yana da burgami ko gafaka ta fata, da gora ko salka ta ruwa, da tabarma a naɗe, mace kuma da adudunta. Guzuri ƙuli-ƙuli ne, dakuwa, kilishi, aya da dabino, a ƙulle cikin ƙyalle. Duk wanda ya yi waɗannan kaya an san shi, an san gidansu. In sun tsufa kuma gara da ƙasa su cinye su. Mahaifina ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki da akwatin kwano. Da shi ni ma na tafi kwalejin tauhidi, yau kuma yana ƙarƙashin gadona cike da littattafai. Ba ina cewa komai na da ya fi na yanzu ba ne. Ruwan salka ba kullum yake da tsabta ba, leda kuma ba ta shigo don mugunta ba, sauƙi ya kawo ta. Amma wani ɗana da ke karatu a Ingila ya nuna mini a waya irin kayan tafiya da ake sayarwa can da tsada, wai don kare muhalli: gorar ƙarfe, sabulu dunƙule maimakon na ruwa, burushin haƙori na itace, jakar yadi. Na yi dariya har da hawaye. Na ce masa, "Ɗana, ai wannan gora ce da sabulun salo da asuwaki, an sa musu kwat."

Ko Manzo Bulus, wanda ya fi mu duka tafiya, dubi abin da ya dame shi a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 4. Ya roƙi a kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafansa. Mutum ne mai sana'ar ɗinkin tanti, ya san wahalar da ke cikin ɗinki, bai ce a sayo masa sabuwa ba.

Bari mu fara da ita jakar. Yawancinmu Gana-mas-go muke ɗauka. Matasa da yawa ba su san inda sunan ya samo asali ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar Nijeriya, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan 1, kuma a cikin irin wannan jaka suka tattara abin da suka iya ɗauka. Mu da muka san zafin gudun hijira, ya kamata sunan ya riƙa sosa mana rai. Ban raina ta ba, jakar talaka ce, tana cin kaya kamar rumbu. Amma saƙar roba ce, zif ɗinta ba ya kai tafiya ta uku, in ta yage kuma ko dai ta toshe kwata ko a ƙona ta yara su shaƙi hayaƙin. Masu shirin hawa jirgi su lura, a 2023 kamfanin Ethiopian Airlines ya sanar da hana ta a jiragensa daga Nijeriya, domin tana lalata na'urorin jan kaya a filin jirgi. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce jakar nan mai ƙyalli da ake ce mana fata ce. Roba ce aka shafa a kan yadi, zafin rana na wata 6 ya isa ta fara saɓule fata kamar maciji. Na taɓa sayen irin akwatin nan mai taya saboda araha. A tasha, gaban jama'a, hannunsa ya cire, kayan cikina suka watse a ƙasa, 'yan kamasho suna taya ni tsinta suna danne dariya. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi abu sau uku a shekara 3 bai yi tattali ba, ko da kowane saye ya yi masa sauƙi.

Abin mamaki shi ne muna zaune a kan arzikin fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fatake. Ana ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, shi ya sa Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko alhali tamu ce. Har yau ana jeme fata a Kano a tura ta Italiya da Sifen, a ɗinka jaka da takalmi, a manna musu suna, a sayar da kuɗin da zai gina ɗaki. A nan gida kuwa ga dukawa a Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram, ga masu aikin fata na Naraguta a Jos, suna zaune suna jiran mai saye. Jakar da baduku ya ɗinka, in ta ɓalle shumeka zai gyara ta a bakin tasha kafin mota ta cika. Wasu cikinmu har yanzu suna kallon jima da dukanci a matsayin ƙasƙantacciyar sana'a. Su tuna cewa a Yafa, a gidan Saminu majemi Bitrus ya sauka kwanaki da yawa.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba duk abin da aka yi a gida ne mai tsabta ba. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima. Manyan masana'antun jima kuwa da sinadarin kuromiyom suke aiki, kuma an daɗe ana kuka kan dagwalon da ke fita daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa yana shiga kogi, inda manoman rani ke ban ruwa da shi. Saboda haka ba laifi ba ne ka tambayi baduku, "Wannan jimar bagaruwa ce ko ta kamfani?" Ko bai saba jin tambayar ba, ya san amsarta.

Yanzu na zo inda na san zan taka sawun wasu. Iyayena mata, ku gafarce ni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba zanen ƙungiya nake nufi ba, wanda mace za ta ɗaura shekara 10 ana gane ta da shi. Ina maganar ankon da muke fitarwa a kowane taro ne. Taron shekara, sabon zane. Cikar majami'a shekara 25, sabon zane. Naɗin fasto, sabon zane da hotonsa a jiki. Matasa kuma riga da hula, an buga sunan taro da kwanan wata a ƙirji, yadda bayan mako guda ba ta da sauran amfani sai zuwa gona. Mu fastoci ba mu tsira ba, don sau da yawa mu ne muke sa hannu a kan takardar, wani lokaci ma da ribar ankon ake cike giɓin kuɗin taro. Na san gwauruwar da ta sayar da tiyar wake 5 don kada a ga ba ta yi anko ba. Na san wadda ta ƙi zuwa taro gaba ɗaya, ta ce ba ta da lafiya, alhali zane ne ba ta da shi.

To, wannan zanen a ina ake buga shi? Wanda ya girma a Kaduna ya tuna lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin Kakuri da Makera da asuba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya, har ya zama a shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 100, kuma bayan gwamnati ba mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi tana da mai saye. Majami'u nawa aka gina a kudancin garin Kaduna da zakka da baikon ma'aikatan masaƙa? Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da fasa-ƙwaurin atamfa suka haɗu suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikata da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Yau mafi yawan atamfar da ke Kantin Kwari daga waje take zuwa, musamman ƙasar Sin. Ba ankonmu ne ya kashe masaƙu ba, kada a ce na faɗa. Amma idan kwamiti zai ba da aikin zane dubu, ya kamata ya fara tambaya ko akwai masaƙar gida da za ta iya, kafin ya miƙa kuɗin ga ɗan kasuwar da zai aika da hoton zanen ƙetare ta waya.

Rigunan nan masu araha kuwa, ku juya wuyansu ku karanta 'yar takardar da ke ciki. Sau da yawa za ku ga Bangaladash. A ranar 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza, a garin Savar kusa da Dhaka, ya rufta da masu ɗinki a ciki. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni, yawancinsu mata matasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kwana guda kafin haka an ga bangon ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, suka sallami ma'aikatansu. Masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin aiki ko su rasa albashin wata, domin akwai kayan da manyan kantunan Turai da Amurka ke jira. Suka shiga suna tsoro.

Wani zai ce to mu daina sayen kayan Bangaladash. Ni ban ga hikima a nan ba. Mutum kusan miliyan 4 ke cin abinci da ɗinki a ƙasar, in aka daina saye su za su fara kwana da yunwa, ba masu kamfani ba. Abin da ya kawo gyara shi ne kukan masu saye da ƙungiyoyin ƙwadago, wanda ya sa kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine da kariyar gobara, aka bi masana'antu ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Duk da haka, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar musu a ƙarshen 2023 taka 12,500 ne a wata, wato dala 110 da 'yan kai. Idan riga ta yi araha fiye da hankali, wani ne ya biya cikon, ba a dai gaya maka sunansa ba.

Ƙarshen waɗannan tufafi kuma a ƙofarmu yake. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara an ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 ke shiga kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma ba sa sayuwa, sai juji da kwata da bakin teku. 'Yan matan da ke ɗaukar dilolin a ka, yawancinsu daga arewacin Gana, ana kiran su kayayei, kalmar da rabinta tamu ce, wato kaya. A farkon Janairu 2025 gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar. Ban kawo wannan don in ɓata gwanjo ba. Akasin haka ma. Mai zuwa Urushalima a watan Disamba ko Janairu zai gamu da sanyi da ruwan sama, yana bukatar rigar sanyi mai kauri, amma ta kwana 10 kawai. Me ya sa zai sayi sabuwa? Ya zaɓi mai kyau a gwanjo, ko ya ara wurin wanda ya je bara. A wata ikkilisiya da na yi hidima, rigar sanyi guda ta je Ƙasa Mai Tsarki sau 4 a jikin mutum 4. In da riga na karɓar laƙabin JP, da ta riga mu duka.

Amma kada mu tsaya muna nuna Bangaladash da yatsa. Muna da namu a unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai taro ya rage kwana 3 muke jibga wa tela ɗinki 30. Ya kwana a kan keke da fitilar waya, yaran shagonsa 'yan shekara 12 su kwana suna sa maɓalli da guga, da safe su kasa zuwa makaranta. Mu karɓi kaya mu ce, "Sai mun dawo." Mu dawo, mu canza hanya. In telan ɗan ikkilisiya ne abin ya fi muni, domin sai mu ce masa, "Ai aikin Allah ne." Ni kaina na taɓa barin wani ɗan'uwa ya ɗinka mini kaya kyauta sau da yawa don ni fasto ne, ban san yana bin bashin zare ba sai da matarsa ta gaya wa matata. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya ma'aikaci matalauci ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi. Yakubu sura 5 ya yi kashedi mai zafi kan ladan da aka danne. Karin Magana sura 20 kuma ta zana hoton mai saye da ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya ya yi ta fahariyar ya yi wayo. Ciniki al'adarmu ce, ba zunubi ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin taya kaya da murɗe wuyan tsohuwa mai saƙa faifai don ka ga yamma ta yi ba ta yi ciniki ba. A babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ba ma neman ragin ko naira ɗaya.

Na san amsar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce, "Fasto, wannan maganar masu ƙoshi ce." Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa jana'izar ɗan'uwansa. Wanda ke da kuɗin Gana-mas-go kaɗai, ba zan ɗora masa laifi don bai sayi jakar fata ba, Allah ma bai ɗora masa ba. Amma ku lura, kusan duk abin da nake roƙo rage kashe kuɗi ne, ba ƙari ba. Kada a sayi sabo in tsohon na aiki. A gyara, a ara, a yi amfani da zane guda shekaru da yawa. Nauyin sayen mai tsada mai ƙarko yana kan masu hali a cikinmu, waɗanda abin kunya su ne suka fi kowa sayen tarkace.

Kada kuma a ruɗe mu da tambari. Yanzu kowane kamfani ya iya zana koren ganye a jikin kwali. Jakar yadin da ake rabawa a tarurrukan bita, wai don a rage leda, wani binciken hukumar muhalli ta Ingila da aka fitar a 2011 ya nuna sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi ledar kanti sauƙin illa ga yanayi, saboda abin da noman auduga da saƙa ke ci. Ni ina da irinsu 9 a rataye a bayan ƙofa. Wanda ya zubar da kayansa masu kyau don ya sayi sababbi masu koren ganye, ciniki kawai ya ƙara wa 'yan kasuwa.

Maganar ruwa tana bukatar hankali. Ba zan ce kowa ya sha daga rijiyar da bai sani ba don gudun leda, amai da gudawa ba wasa ba ne a wurin taro. Abin da nake gani shi ne kowa ya zo da gorarsa da kwanonsa da cokalinsa, kamar yadda muke yi a makarantar kwana, kwamiti kuma ya tanadi tafasasshen ruwa ko na burtsatse mai kyau a manyan randuna ko tankuna masu murfi da famfo. Inda ba makawa sai ruwan leda, a rataya buhu a kowace rumfa, a sa masu tattarawa, a kwashe kafin mota ta farko ta tashi. Ba mu muka fara wannan tunani ba. Bangaladash ɗin nan ta hana siririyar leda tun 2002 bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgin Kigali ana karɓe ta daga hannun baƙi. Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani, jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abincin nan na yarwa a Janairu 2024. Mai zuwa taro a waɗannan wurare ya sani tun daga gida.

Kayan wanka ba sa bukatar dogon bayani. Sabulun salo, soso, man kaɗanya a ɗan gwangwani, asuwaki. Mata ne a ƙauyukanmu ke yin yawancinsu, kuɗin yana shiga tukunyar miya kai tsaye. Ga shi kuma sabulu dunƙule ba ya zubewa a jaka, ba kuma ruwansa da dokar nan ta yawancin filayen jirgi da ta hana shiga da abin ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu.

Akwai abu guda da ba ni da amsa mai daɗi a kansa, wato waya da batirin ajiyar caji. Kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ake sa wa irin waɗannan batura daga Kwango ake haƙo shi, kuma rahoton Amnesty International na 2016 ya nuna yara ƙanana suna aiki a ramukan haƙar hannu a kudancin ƙasar. Ba mai iya tafiya yau ba waya, ba kuma bagaruwar da za ta maye gurbinta. Iyakar abin da ke hannunmu shi ne mu riƙe wadda muke da ita har ta mutu, mu canza batir ko gilashi maimakon waya gaba ɗaya, mu daina sayen caja da batirin bogi da ke mutuwa a mako 2 a jefa su bayan gida.

Saura tsaraba. Masu ziyara, in kun isa Baitalami za ku ga gicciye da siffofin komin dabbobi na itacen zaitun. Sana'a ce ta iyalan Kirista Falasɗinawa tun kaka da kakanni, su ma kuma tsiraru ne yanzu a garin da aka haifi Mai Ceto, kamar yadda muke a namu garuruwan. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 ya tsayar da baƙi, har aka yi Kirsimeti na 2023 da na 2024 ba tare da an kafa babban itacen biki a dandalin garin ba, shaguna da yawa suka rufe. Cikin kayan tsarabar da ake tallatawa akwai na roba da na inji da aka shigo da su daga nesa. Ku tambaya. Ku roƙi mai yi muku jagora ya kai ku inda ake sassaƙa, ku ga ƙurar itacen a hannun mai yi. Gicciye guda na gaske da aka biya kuɗinsa daidai ya fi maɓallin makulli 50 da za a raba a ƙofar majami'a a manta da su. Wannan tunani ma ba baƙo ba ne a gidanmu. Abin da duniya ke kira cinikin adalci yau, masu bi na cikin waɗanda suka dasa shi. A 1946 wata mace 'yar ɗarikar Menonait a Amurka, Edna Ruth Byler, ta fara sayar da ɗinkin hannun matan Puerto Rico matalauta daga bayan motarta. A 1949 kuma Ikkilisiyar 'Yan'uwa, wadda masu mishan ɗinta suka sauka Garkida a 1923, ta kafa shirin SERRV don sayar da aikin hannun 'yan gudun hijirar yaƙin duniya na biyu.

Roƙona ga dattawa da kwamitocin taro na bana shi ne a sa wannan magana cikin ajanda tun zaman farko, ba a "sauran batutuwa" ba lokacin da kowa ya gaji. A duba ko za a iya fitar da zane guda ba kwanan wata a jiki, wanda zai yi shekara 5, kuma a faɗa daga gaba cewa wadda ba ta da shi ta zo da abin da take da shi, ta zauna a layin gaba in ta so. A kai wa tela ɗinki da wuri, a ba shi rabin kuɗi a hannu, cikon kuma ranar karɓa. A rubuta cikin takardar gayyata cewa kowa ya zo da gora da kwano. A ware kuɗin shara cikin kasafi kamar yadda ake ware na janareta da lasifika.

Game da saniyar nan, daga baya mun haɗa kuɗi, ni da dattawa 3 muka koma ƙauyen. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Ya ƙi karɓar kuɗin, ya ce ai an ci naman. Da muka matsa, ya ɗauki rabi, ya ce a ba matar mai bishara sauran saboda bayanta da ya sha sunkuyo. Muka tambaye shi ko zai sake ba mu aron gonar in taro ya zagayo. Ya ce mu bari ya girbe dawa tukuna, sa'an nan mu zo mu yi magana.